Kwale-kwalen da Baba Ya Ƙi Sassaƙawa

Butalbagar, Njamena
20 ga Oktoba, 2007

Ƙanena Ghali,

Assalamu alaikum. Ina fatan Zariya da karatunta ba su ƙarasa ramar da kai ba. Mu nan afe, wato lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwaggo Hansai tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. 'Yata Hamdiyya ta yi giɓi, magana sai iska. Babanta yana can kudu wurin aiki. Ƙafafun Baba dai yadda ka bar su, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, nan ne iyakarsa.

To gyara zama, ga labari. Ordinatar ɗinka, ko kwamfuta kamar yadda kuke cewa can, wadda ka ce in lulluɓe kada kowa ya taɓa? Baba ya ƙwace maka sarauta. Wallahi kuwa. Ran nan an kawo wuta da la'asar, na kunna don in buga wa ɗalibaina na makarantar Mursal jarrabawa, sai hannuna ya faɗa kan wasan nan naka na sarakunan dā. Baba yana bayana a kan tabarma. Ya ce, "Waɗannan ƙananan mutanen me suke yi?" Na ce noma suke, Baba, ƙasar Ghali ce. Sai ya ce, "Ina rumbunansu?" Na duba na fassara masa daga Faransanci: rumbu guda ne, sauran duk barikin soja. Ya ce, "Ai na sani. Yaron nan ko a wasa sai ya bar mutane da yunwa."

Tun daga ranar ban huta ba. Da zarar fanka ta motsa sai ka ji, "Nuriyya, an kawo!" Shi ke ba da umarni, ni ke jan linzami. Ya rage wa talakawanka haraji. Ya sallami rabin mahayanka, wai dawakai na cinye geron mutane. Ya kafa kasuwa a bakin kogi, yana ba da gishiri yana karɓar ƙarfe. Mutumin da ya tsufa a kasuwa, ka ga yadda idonsa ke haske in ayari ya shigo. Na daɗe ban gan shi haka ba.

Na san abin da za ka tambaya. A'a, bai kira sunanka ba, "yaron nan" yake cewa. Ka san halinsa. Tun da Kaka Yunusu ya taso daga Katagum a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya yanke masa a garin nan, ya zauna nema har ya rasu bai ƙarasa ba, Baba bai taɓa ɗaukar mu mazauna ba. A wurinsa matafiya ne mu, kuma mai niyyar Makka ba ya juya wa gabas baya. Ko Kusuri da ke tsallaken kogi bai taɓa takawa ba. Kai kuwa ka haye gada ka nausa yamma har Zariya. Sai ka ƙara haƙuri.

Tambaya ɗaya. Akwai wasu Jajaye a gabashin taswira, kullum sai sun aiko manzo a ba su kuɗin zaman lafiya. Baba yana ba su gishiri suna tafiya. Su wane ne, kuma me suke shiryawa? Ka ba Dawuda direba amsa in ya juyo, waya ba ta shiga, in ta shiga ma ta cinye mutum.

Yayarka,
Nuriyya

Zariya
14 ga Nuwamba, 2007

Yaya Nuriyya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sai ɗan zazzaɓi da ya wuce. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce wa Hamdiyya ta ajiye mini haƙori ɗaya. Ki gaishe da Baba, ko da ba zai amsa ba.

Na karanta wasiƙarki a gaban ɗaki ina dariya, har abokin kwanana ya leƙo. Daga baya kuma dariyar ta ƙare. Shekara guda da wani abu bai ce mini uffan ba, ga shi yanzu yana ciyar da mutanena na ƙarya. To, na gode Allah da ko wannan.

Batun Jajaye, Yaya, kada ku yarda da su. Gishirin da Baba ke ba su, da shi suke sayen ƙarfe a wata kasuwa. Za su yi shiru har sai rumbunanku sun cika, sannan su zo da manyan majajjawa masu jifa da duwatsu. Na buga wurin nan sau da yawa, kullum nan suke cinye ni. Shi ya sa na tara soja, ba don ban san yunwa ba.

Ga shawarata, in za a karɓa daga hannun yaron nan. Tattalin Baba ya fi nawa, na sallama. Amma ya ware itace ya gina wurin sassaƙa a bakin kogi, a yi kwale-kwale da yawa tun yanzu. Ya aika manoma kaɗan su kafa ƙauye a tsallake, ta yamma, su yi shuka. Ganuwa kaɗai ba ta tare Jajaye.

Muna jin rediyo yana maganar faɗa can gabashin ƙasa. Ya garin yake?

Ƙanenki,
Ghali

Butalbagar
27 ga Disamba, 2007

Ghali,

Barka da sallah. Mun yi layya lafiya, Gwaggo ta yi maka kilishi, yana cikin ƙullin da Dawuda zai ba ka. Ƙafar Baba ta hagu ta kumbura, ko masallacin idi a kan kilando aka kai shi, yana riƙe da mai babur ɗin yana yi masa faɗa.

Washegarin sallah an buɗe akwatin Kaka kamar kowace shekara. Ka tuna yadda muke tsayawa muna haɗiyar yawu? Baba ya kwashe tsohon guzuri ya yi sadaka da shi, ya zuba sabo: dabino, kilishi, tsabar gero, sukari. Ya rufe ya ce abin da yake cewa kullum, "Na hanya ne, ba a ci sai an kama hanya." Hamdiyya ta ce, "Kaka, yaushe za mu kama?" Ya ce in Allah ya so.

Na karanta masa shawararka. Batun gishiri ya yarda nan take, ya ce yaron nan yana da ido, ya rufe wa manzon Jajaye ƙofa. Da na zo kan kwale-kwale da ƙauyen yamma kuwa, sai fuska ta canza. Ya ce, "Wato in sassaƙa abin gudu tun ba a kore ni ba? Shi da ya iya tsallake kogi, ai dole ya ba da wannan shawara." Na ce Baba wasa ne fa. Ya ce mutum a wasa ake gane shi.

Yanzu duk itacen ƙasar ya tafi ga ganuwa. Ya cire mutane daga gona ya tura su fasa dutse. Harajin da ya rage da kansa, ya mayar har da ƙari, don a biya maƙera. Talakawa sun fara fitar da wata alama ja a kansu, na ce masa fushi suke, ya ce su yi, gobe za su gode. Ni kam abin ya daina ba ni dariya. Mutumin da ya zage ka kan rumbu, yau rumbunsa na raguwa yana kallo, don dai kada a ce ya waiwaya.

Gari lafiya, sai dai motocin soja sun yi yawa, duk sun nufi gabas. Sukari ya hau.

Nuriyya

Butalbagar
19 ga Janairu, 2008

Ghali,

Muna lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, don haka ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Maganar da ake yi a ɓoye yanzu a fili ake yin ta. A makaranta iyaye sun fara ɗauke yara. Kowa na cewa 'yan tawaye suna haɗa motoci za su taso wa garin nan, kamar shekaru biyu da suka wuce, amma wannan karon da yawa. Mu kuma ka san inda muke. Baba da ya tashi gina gida sai da ya matso ƙarshen gari ta gabas, wai ya rage tafiya. In sun zo, mu ne a bakin ƙofa.

Maƙwabcinmu Buba ya kai matarsa da yara Kusuri. Baban Hamdiyya ya aiko cewa mu ma mu haye. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Ya ce in ɗauki yarinya da Gwaggo mu tafi, shi ubansa bai juya ba, ba shi zai fara ba. Gwaggo ta ce ita ba ta barin ɗan'uwanta ko sama za ta faɗo. To ni in tafi in bar tsofaffi biyu, ɗaya ba ƙafa ɗaya ba ido? Ka ga ya ɗaure mu duka da igiya ɗaya, yana zaune yana tambaya ko an kawo wuta.

Ghali, don Allah ka rubuto masa, shi da kansa, ba ta bakina ba. Ka roƙe shi. Ka ba shi haƙuri ko ba ka yi laifi ba. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji.

Nuriyya

Zariya
21 ga Janairu, 2008

Yaya Nuriyya,

Gaisuwa mai yawa. Kilishin Gwaggo ya iso, ban bar wa kowa ko ƙamshi ba. Wasiƙarki ta bayan sallah ce a hannuna, ta sha zama a tashar Kano kafin ta same ni. Allah ya ba Baba sauƙin ƙafa.

"Yaron nan yana da ido." Yaya, sau nawa na karanta wannan layin! Ki bar sauran maganar, na saba.

Amma ƙasar tana cikin hatsari. In talakawa sun fitar da jar alama, noma zai ragu, sojan ma ba za su sami abinci ba. Ya mayar da rabin masu fasa dutse gona, ya sauke haraji, ya sayar da ƙarfen da ya yi yawa ya sayi hatsi. Ganuwar da yake ji da ita, majajjawa za ta rushe ta kafin ki gama dafa shayi.

Ga abin da nake ganin bai sani ba, ki faɗa masa a hankali. A wasan nan ba a faɗuwa don birni ya faɗi. Ko fada ta ƙone, ko ganuwa ta zama ƙasa, wasa bai ƙare ba muddin akwai mutanenka da rai. Ana cinye ka ne ranar da mutuminka na ƙarshe ya mutu. In manoma sun haye kogi da iri a hannu, ƙasa tana nan, sai a sake gini, a dawo. Ni da kaina sai da na sha kashi da yawa kafin na gane, don duk hankalina yana kan birnin.

Jarrabawa ta matso, sai addu'a.

Ghali

Butalbagar
31 ga Janairu, 2008

Ghali,

Muna raye. Iyakar gaisuwar ke nan.

Shekaranjiya Dawuda ya miƙo mini wasiƙarka, na buɗe da sauri, na ce ga roƙon da na nema. Sai na ga haraji. Haraji, Ghali! Sai na ga a sayar da ƙarfe a sayi hatsi. Na san yanzu tawa ba ta same ka ba kafin ka rubuta, na ga kwanan wata, amma a lokacin da kana kusa da na kwaɗa maka mari. An ce motocinsu sun baro iyaka sun kamo hanya, an rufe makarantu, yau da safe layin waya ya mutu gaba ɗaya, kai kana can kana lissafin manoman ƙarya.

Don haushi na je na tsaya kan Baba na ce, ga ɗanka, ga abin da ya dame shi, na karanta masa da ƙarfi tun daga kilishi. Da na kai ƙarshe ya ce, "Maimaita wurin nan na mutum na ƙarshe." Na maimaita.

Jiya da azahar aka kawo wuta. Na ce ba zan kunna ba, ya ce, "Nuriyya, kunna." Ba mu daɗe ba Jajaye suka bayyana, taswira ta yi ja ta gabas. Yadda ka faɗa haka aka yi. Ganuwar da ya ci gumin ƙasa a kanta, suna jifa tana zubewa. Sojanmu ba abinci, suka watse. Mutane suka kwararo bakin kogi, mata da kaya a ka, suka cunkushe, ba abin hawa. Sai na ji Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "A sassaƙa. Maza a sassaƙa." Itacen da ya rage na kwale-kwale ɗaya ne. Muna kallo aka gama shi, manoma kaɗan suka shiga, mahayan Jajaye suka auka wa sauran. Hamdiyya ta fashe da kuka, na kore ta waje.

Kwale-kwalen ya kai tsallake. Baba ya matso da fuskarsa ya ce, "Ya rubuta mun faɗi?" Na ce bai rubuta ba. Ya ce, "Birnin fa ya ƙone." Na ce e, amma bai rubuta ba. Nan aka ɗauke wuta.

Na ɗauka zai yi magana. Na jira har yau. Na sake roƙonsa da safe, ya ce in ba shi ruwan alwala. Buba ya dawo ya tsare gidansa, ya ce amalankensa na nan in mun shirya. Dawuda zai fita yanzu, ya ce daga wannan ba ya sake shigowa sai ƙura ta lafa.

Kada ka taso. Na sa Dawuda ya rantse ba zai kawo ka ba. In wani abu ya same mu, a sami wanda ya rage.

Nuriyya

Maiduguri
5 ga Fabrairu, 2008

Yaya,

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka same ni, ga rediyo na cewa ana faɗa a tsakiyar gari. Ki yafe mini, wallahi ban sani ba. Na bar jarrabawa na biyo Dawuda, amma ya sauke ni nan gidan wansa Hamisu, ya ce rantsuwa ce, ko zan kashe shi ba ya wucewa da ni. Shi zai ƙarasa Kusuri ya nemi ku cikin mutane.

Ba na iya ci, ba na iya zama. Kuna ina? In wannan ta same ki a hannu, ki karanta wa Baba: Baba, ni ne Ghali. Na tuba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ka haye. Don Allah ka haye.

In Juma'a ta yi ban ji komai ba, zan shigo ko a ƙafa.

Ghali

Kusuri
7 ga Fabrairu, 2008

Ƙanena,

Ka ci abinci. Dukanmu muna nan, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Dawuda ya same mu a harabar wani masallaci, ya ba ni takardarka, ya zauna ya yi ta kuka kamar shi ne ɗan gidan.

Ranar Asabar da hantsi suka shigo. Ba zan iya kwatanta maka ƙarar ba. Muka kwanta a ƙasa a ɗakin Gwaggo, Hamdiyya a ƙarƙashina, ƙasa na zubo mana daga rufi. Wani abu ya faɗa gidan da ke bayanmu, darbejiyarmu ta rabu biyu. Baba yana jingine da bango da carbi, idonsa a kan yarinyar. Ni na riga na daina roƙo, na ce yadda Allah ya yi.

Lahadi da la'asar harbi ya lafa. Sai Baba ya ce, "Kira mini Buba, ya zo da amalanke." Na tsaya ina kallonsa, ya daka mini tsawa. Da Buba ya zo ya ce a fito da akwatin Kaka a ɗora. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce wa Baba, "Mijinyawa, akwatin Babanmu za ka kai yamma?" Ya ce, "Hansai, ɗauki mayafinki." Muka ɗaga shi za mu zaunar a kan akwatin, ya ce ba haka ba, a juya shi. Ya zauna yana fuskantar Buba mai turawa, bayansa ga hanya.

Haka muka ratsa gari, Ghali. Abin da na gani a titi ba na takarda ba ne. Na rufe wa Hamdiyya ido da gyale, Gwaggo na riƙe da zanena. A gadar Ngeli mutane kamar za su karya ta, masu katifa, masu akuya, masu jarirai. Ga tsoho a tsakiya a kan akwati, kowa ya nufi gaba shi yana kallon baya. Wata mata ta ce da Larabci, wannan Baba ya manta wani abu ne? Ya ce mata, "Ban manta ba, shi nake kallo." Har muka sauka daga gadar bai waiwaya ba ko sau ɗaya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ni ma na yi kukana a nan.

Da muka sami wurin zama, yara sun cika harabar suna kukan yunwa, ba abin saye ko da kuɗi. Baba ya ciro makulli daga wuyansa ya ba ni. Na ce Baba, na hanya ne fa. Ya ce, "To ina muke?" Na buɗe. Dabino da kilishi da sukari duk ya sa aka raba, Hamdiyya ta ci guzurin da ni da kai muka girma muna kallo. Geron ma an dama wa yara kunu, sai ɗan kaɗan da ya ƙulle a bakin rawaninsa.

Buba ya leƙa gida jiya. An fasa ƙofa, an kwashe kaya, har da ordinatar ɗinka. Na faɗa wa Baba, na kuma karanta masa takardarka. Ya ce in ɗauki biro in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara. Ga shi:

"Ghali. Ƙasar da ka bari na karɓa ba da izninka ba, na kuma ɓatar da birnin. Ɓarayi sun ɗauke sauran. Amma mutanenka na haye da su, ba wanda ya rage a baya, da iri a hannuna. Ban juya ba, tura ni aka yi, ka faɗa wa duk wanda ya tambaya. Yanzu ni da kai muna gefe ɗaya na kogin, ban ga abin da zai hana ka zuwa ka gaishe ni ba. Ka ƙaraso."

Na sauke wa Dawuda rantsuwarsa. Gobe zai zo ya ɗauko ka. Ka taho da bargo da man zafi na ƙafa, ƙasan masallacin akwai sanyi.

Yayarka,
Nuriyya